Dokin da Tela Ya Ci

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe Sufeto ya shiga zauren gasar ces, wato darar Turawa. An riga an kwashi wani ɗan wasa, tela, zuwa asibiti, ya faɗi yana kumfa ana tsakiyar wasa.

Likita ya kira Sufeto a waya. "Guba ce. In ba mu san irinta ba cikin awa guda, sai dai haƙuri."

Sufeto ya kashe wayar. Ya dubi abokin karawar tela, wani mai kemis da ya zauna tsaf kamar ba a gabansa aka yi ba.

"Ka ba shi wani abu?"

"Ni? Ranka ya daɗe, musabaha kawai muka yi."

Alƙalin gasa, dattijo ne, yana duba takardar da 'yan wasa ke rubuta motsinsu, yana ta girgiza kai.

"Baba, lafiya?"

"Ɗana, shekara tara mai kemis bai taɓa ba da ko soja, mafi ƙanƙanta cikin 'ya'yan darar, a banza ba. Yau a motsi na goma ya miƙa doki kyauta!"

"Tela ya ci dokin?"

"Ya ci. Kuma kowa ya san halinsa. Ya saba riƙe allura a baki, duk ɗan darar da ya ci sai ya tsotsa yana tunani."

Sufeto ya leƙa ƙasa. Ga dokin nan yashe a ƙarƙashin tebur. Ya ɗauke shi da hankici, ya kai shi dab da leɓen mai kemis.

"Bismillah, lasa."

Mutumin ya zabura har kujera ta kife.

"Wace guba ce? Yi magana!"

Mai kemis ya faɗi sunan gubar.

"Jiya tela ya kama ni a banɗaki ina maguɗi, ina duba motsi a waya. Ya ce zai tona. Makin da na tara shekara tara zai tafi, a kore ni..."

Sufeto bai tsaya ji ba, ya danna wa likita kira.

Likita ya ce, "Yallabai, ya cika minti biyar da suka wuce."

Aka sa wa mai kemis ankwa, aka tasa ƙeyarsa. Sufeto ya tsaya a gaban teburin. Agogon wasan yana ta ƙirga lokacin tela, yana jiran ya motsa. Sufeto ya sa yatsa ya tsayar da shi.