Anini Uku a Kafaɗar Godelieve

Da yammacin wata Juma'a, ana yayyafi a garin Poperinge, Godelieve ta ɗauki kwandon ɗinkinta ta tsallaka titi zuwa shagon Wannes. Ɗan marigayi ƙaninta ne. Ya gaji shagon uban, inda ake sayar da kakin sojojin Babban Yaƙi, wato yaƙin duniya na farko, da huluna, da lambobi, da maɓallan da garma ke tonowa a gonakin yankin. Ita ce mai yi musu ɗinki tun tana budurwa.

Ta tarar da shi a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota.

"Gwaggo, kin ga aikin a ƙasa. Kwat ce ta hafsa, na samo ta a rufin gidan wani manomi. Ba komai a kafaɗarta. Ki ɗora mata anini uku uku, gobe da safe zan kai ta kasuwa."

"Wa ya ce maka kyaftin ne mai ita?"

"Wa ya ce ba shi ba ne? Zai zo ya kai ƙara ne?"

"Kai dai ba ka da kunya, Wannes. Ubanka ma haka yake."

"Ke kuma kina yi masa ɗinkin," ya ce yana dariya. Ya sumbace ta a goshi ya shige mota.

Gaskiya ya faɗa. Ƙara wa matacce matsayin da ba nasa ba ƙarya ce, ko da allura aka yi ta. Godelieve ta san haka, kuma ta sauka.

Ɗakin ƙasan dogo ne, ba taga. Ƙofa ɗaya gare shi, a saman matakala. Gumakan da ake sanya wa kaya suna jere a jikin bango hagu da dama, kowanne cikin kakin kurtun Ingila, kai ba fuska. Warin kafur da tsohuwar ulu ya cika wurin. Teburinta yana can ƙurya, kusa da madubi.

Ta zauna ta yi aikin. Da ta gama sai ta so ta ga ko aninan sun zauna daidai, domin ba ta sakin aiki a karkace. Ba gunkin da ba shi da kaya. Sai ta zura kwat ɗin a jikinta, ta ɓalla maɓallai har wuya, ta tsaya gaban madubi.

A bayanta dugadugan takalma suka haɗu. Kwas! Gaba ɗaya, kamar na mutum guda.

Ba ta juya ba. A madubi ta gani. Gumakan sun bar jikin bango. Sun tsaya a tsakiyar ɗakin, tsakaninta da matakala.

Warin kafur ya ɓace. Wani wari ya taso, na taɓo da ruɓaɓɓen buhu da jiƙaƙƙiyar safa.

Ta kai hannu ga maɓallin wuya. Ya ƙi. Ta gwada na ƙasa. Kamar an ɗinke su da fatarta.

"Yallaɓai."

Raɗa ce, da Ingilishin da ta koya wurin masu saye. Daga kakin da ke da igiya uku a hannu ta fito.

"Yallaɓai, ka daɗe. Mun yi zaton ba za ka dawo ba."

"Ni ba hafsanku ba ce," ta ce. "Tela ce ni. Ku duba ni da kyau, tsohuwa ce."

Ba su da idon duba ta. Kafaɗarta kawai suka sani.

"Yara sun shirya, yallaɓai. Tun asuba muke tsaye."

Ta taka ɗaya zuwa matakala. Takalminta ya nutse. Siminti ne a wurin ɗazu, yanzu ruwa ne mai sanyi har idon sawu. Ta raɓa ta hagu, kaki ya tare. Ta raɓa ta dama, kaki ya tare. Jiƙaƙƙiyar ulu ta goge mata kunci.

"Wannes!" ta kwaɗa kira.

Sama shiru. Sai ƙarar wata tarakta da ta wuce a titi, nesa ƙwarai, kamar a wata duniya.

Wani abu mai sanyi ya shiga tafin hannunta. Usur ne na ƙarfe, da igiyarsa. Ta san shi, a akwatin gilashin shagon yake zama.

"Ka hura, yallaɓai. Kai a gaba, mu a baya."

Sai suka buɗe mata hanya, siririya, har gindin matakala. Ta ɗaga kai. Ƙofar a buɗe take. Amma abin da ke bayanta ba shagon ba ne. Sama ce mai launin toka, da waya mai ƙaya, da wani haske da ke walƙawa ba ƙara.

Godelieve ta girma a garin da makabartun sojoji suka fi gonakin dankali tsabta. Ta san abin da ke samun wanda ya hura usur ya hau gaba.

Ta ja baya. Bayanta ya bugi ƙirjin wani.

Ruwa ya kai gwiwa.

"Lokaci na wucewa, yallaɓai."

Hannun riga, ba hannu a ciki, ya tallabo gwiwar hannunta. Ya ɗaga. Usur ya taɓa leɓenta. Ɗanɗanon tsatsa.

A kusa da kunnenta wani yana haki. Numfashin ɗan saurayi ne, haƙoransa na karo. Wata raɗa ta fito daga can baya.

"Ƙafafuna, Saja. Ba na jin ƙafafuna."

"Rufe baki. Tsaya kyam."

Wannan ne ya shiga kunnen Godelieve. Ta kawar da kai daga usur ɗin. Muryar da ta fito mata ba ta hafsa ba ce, tata ce, wadda ta raini 'ya'ya da ita.

"Ba inda za ku. An fasa."



"An fasa, yallaɓai?"

"Na ce an fasa! Ku zauna. Kowa ya zauna ya huta. Yanzun nan!"

Ba abin da ya motsa. Ruwa na ɗiga daga wani wuri.

Sai ta ji ƙas! Kamar an karya busasshen itace. Ƙas! Ƙas! Kakin da ke gabanta ya sulale ƙasa. Na gefensa ya bi. Wani dogon numfashi ya ratsa ɗakin daga wannan ƙurya zuwa waccan.

Ba ta tsaya kallo ba. Ta tsallake ƙafafu, ta kama matakala da hannu da gwiwa, ido a rufe. Ta faɗa ta ƙofar, goshinta ya bugi katako. Ta buɗe ido. Kantar Wannes ce. Maɓallan kwat ɗin suka buɗe da kansu, ta zame daga kafaɗarta.

A nan ta zauna, ta ɗauki almakashi a kan kantar, ta warware aninan ɗaya bayan ɗaya kafin ta fita.

Da safe Wannes ya zo yana buga mata ƙofa, fuska ja wur.

"Gwaggo, me ya faru a ƙasa? Ɓarayi ne? Duk an karya wa gumakan gwiwa!"

Gumakan ba sa lanƙwasuwa, sandararru aka ƙera su. Ya same su zaune a busasshen siminti, baya jingine da bango, kan wani a kafaɗar wani.

"Zan sayo sababbi in tsayar da su," ya ce.

"Ka gwada," ta ce.

Ya gwada. Sababbin ma da safe a zaune ya same su, a karye. Bai sake ba. Godelieve ba ta ƙara ɗora wa wata riga abin da ba ta zo da shi ba, kuma ba ta ƙara sauka ɗakin ba. Masu saye da ke sauka su kan tambayi Wannes dalilin da sojojinsa ke zaune a ƙasa. Sai ya rage murya, ya ce su zaɓi abin da suke so a hankali, kada su ta da kowa.