Ja da Kore

Ita ta fara dariyar, sannan 'yan matan suka ɗauka.

Halimatussa'adiyya, wadda duk unguwar Ƙofar Ran ke kira Sadiya, ɗaliba ce a jami'a can Gubi, ranar Asabar kuma tana koya wa 'yan matan sakandare rubuta kod, wato umarnin da ake ba kwamfuta. Wata uku ta yi tana gina musu shafin intanet da Hausa. Abin da ta fi ji da shi a shafin kala ne: kalmomin umarni su fito ja, bayanin da mai rubutu ke ajiyewa a gefe ya fito kore, yarinya ta gane da kallo ɗaya.

Ranar buɗe shafin ta gayyato saurayinta Hammawa, wanda har an tsayar da ranar da kawunnansa za su zo neman aurenta. Shi ma sana'arsa ke nan, ya fi ta iyawa nesa ba kusa ba. Aka haska shafin a bango, ta miƙa masa sanda tana yanga, ta ce da gangan ta ɓoye kuskure ɗaya, kalmar da ya kamata ta fito ja ta mayar da ita kore.

"Hamma, nuna musu ita."

Ya tsaya yana kallon bangon. Ya matsa kusa. Ya ja da baya. 'Yan mata suka fara raɗa, ga ta can, layi na huɗu, har da masu nunawa da baki.

"Haba Injiniya! Abin da 'yar aji ɗaya ke gani? Ko sai mun haɗa maka kuɗin tabarau?"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Ya yi murmushi, ya ajiye sandar a hankali, ya sa wa yaran albarka ya fita.

Kwana tara bai zo zance ba, bai kira ba. Ita kuwa uwar 'yan iyayi sai cika take tana batsewa, wai namiji guda wasa kaɗan ya ɗauki fushi. Tana kewarsa kamar me, amma ta rantse ba ita za ta fara nema ba.

A Kasuwar Muda Lawal ta ci karo da yayarsa, Adda Fatu, a layin 'yan yadi. Bayan gaisuwa Sadiya ta fara kai ƙara, Fatu ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaye ta ko da gaske ba ta sani ba. Tun haihuwa Hammawa ba ya bambance ja da kore, duk abu ɗaya suke a idonsa. Yana yaro a ruga 'yan'uwa suka mayar da shi abin tsokana, a aike shi ya ciro nunannen tumatir ya dawo da ɗanye. Tun daga nan ya daina faɗa wa kowa.

"Amma Adda... wata uku yana duba min shafin nan, kullum ya ce kalar ta zauna daidai."

"Karantawa yake yi. Ya san kalmar da ya kamata ta zama ja, sai ya ce miki ja ce. Ya ga kina murna, bai so ya rage miki."

Sadiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tuna sau nawa ta tura masa waya a fuska tana cewa ya dubi yadda koren nan ya yi kyau. A cikin Keke Napep ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kuka har Ƙofar Ran.

A gida kuma ta tarar an riga ta. Yasmin, 'yar ƙanwar Inna, wadda ta daɗe tana satar kallon Hammawa kuma tana cikin ɗakin ranar, ta kai wa Inna labarin da gishirinsa, wai makancewa yake yi. Inna ta ce a dakatar da zuwan kawunnan sai an bincika.

Sadiya ta durƙusa gaban Baba ta zayyana masa komai, ba makanta ba ce, kala biyu ne kawai. Ya gama saurare ya tambaye ta wa ya tona wa yaron asiri a gaban jama'a.

Da ƙyar ta ce, "Ni ce, Baba."

"To ba idonsa ne abin bincike ba, bakinki ne."

Ya ce in yaron ya dawo da ƙafarsa ƙofa a buɗe take, amma shi ba zai roƙi kowa ba.

Kwana uku ta yi tana warware shafin. Ta cire ja, ta cire kore. Kalmomin umarni suka koma shuɗi masu kauri, bayanin gefe ya koma ruwan ɗorawa a karkace, ko ba a ga kala ba a gane daga siffar rubutun. Ta roƙi Adda Fatu ta kawo mata shi ranar Asabar, ko minti biyar ne.

Ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa. Sadiya ta miƙe gaban yaran. Ta ce musu mako biyu da suka wuce ta koya musu abu biyu marasa kyau: yin shafin da ba kowa ke iya karantawa ba, da yi wa mutum dariya a kan abin da ba ta sani ba. Ta ce a gabansu ta yi laifin, a gabansu za ta nemi gafara.

Ta juya gare shi, ta kasa ɗaga ido.

"Hammana... ka yafe min."

Shi bango yake kallo. Ya daɗe yana kallo, yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, har ta fara fidda rai.

"Ashe haka kuke ganinsa," ya ce a hankali. "Shekara goma ina rubuta kod, ban taɓa ganin kalma ta fito daban ba sai yau."

Hawaye suka ɓalle mata. Ya matso, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ya isa haka, Sadiyata, kada ki sa ni kuka gaban yara. Ki ce wa Baba su Kawu suna nan tafe ranar Juma'a."