Kukana a Cikin Faifansa

"Declan... Baba ya tafi. Ka zo."

Muryata ce.

Muryata ce take fitowa daga manyan lasifikan nan, tana rawa, tana sarƙewa, a gaban mutanen da ban taɓa gani ba!

Muna saman wata mashaya ne a Sheffield, da yammacin Lahadi. Kamfanin waƙa ya tara dangi da 'yan jarida su fara jin faifan Declan na farko kafin ya shiga kasuwa ranar Juma'a. Declan saurayina, wanda zobensa ke yatsana. Tun yana kaɗa jita a bakin tashar jirgin ƙasa nake riƙe masa lema cikin ruwa. Na sa sabuwar riga, na lallaɓo Mama da ƙyar, don ita dama ba ta ƙaunar ko jin sunansa.

Saƙon nan kuwa bara na bar masa a waya, daga wurin ajiye motoci na asibiti, safiyar da mahaifina ya rasu. Ban yi kuka a gaban Mama ba, ban yi a maƙabarta ba. Mu a gidanmu ba a yi, sai dai a dafa shayi a zauna shiru. Declan kaɗai na yi wa.

Sai ganga ta shigo.

"Ka zo... ka zo... ka zo..."

Muryata na bin kiɗa, mutane na gyaɗa kai. Wata har da lumshe ido tana dafe ƙirji. Da waƙar ta ƙare, suka ɓarke da tafi. Tafi fa! Mutuwar ubana ake yi wa tafi.

Na juya na dubi Mama. Jakarta ta rungume.

"Tamsin," ta ce a hankali, "ke ce wannan?"

Miƙewa na yi, kujera ta kife.

Philippa ce ta fara tare ni, manajarsa, mai dogon takalmi da murmushin da bai taɓa kaiwa ido ba. Tun ranar da ta ga zobena ta ce wai mawaƙi mai budurwa ba ya ciniki.

"'Yar uwa, kin ga yadda kika taɓa zukata? Wannan waƙar ce za ta ɗaga faifan."

"Matsa ki ba ni hanya."

"Haba, ai abin alfahari ne..."

"Na ce ki matsa, kafin in wanke miki fuska da lemon nan!"

Declan ya ratso mutane da sauri, fuskarsa fal farin ciki, sai da ya ga tawa ya yi turus.

"Zuciyata, lafiya?"

"Kar ka sake ce min zuciyarka! Wa ya ba ka?"

"Me?"

"Kukana! Wa ya ba ka kukana ka kai kasuwa?"

Ya waiga wajen Philippa, ya dawo da ido kaina. "Ai... ai kin yarda. Philippa ta ce ta yi miki magana kin yarda, kin ce dai kar in tayar miki da zancen don yana miki ciwo."

Philippa ta ɗaga kafaɗa tana duba wayarta. "Wataƙila ban fahimce ta da kyau ba."

Ko gaisuwar kirki ba ta taɓa haɗa ni da matar nan ba.

"Kullum muna tare, Declan," na ce, muryata har ta dishe. "Kullum! Kifi da dankali a takarda ɗaya muke ci. Amma bakinka ya yi maka nauyin tambayata, sai ta bakin wannan?"

"Tam, don Allah mu fita waje, mutane na kallo..."

"Yanzu ka san mutane na kallo?"

Mama ta kama hannuna. Ta tsaya a gabansa, ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Mijina ne ya koya maka tuƙi, yaro," ta ce. "Tir."

Muka sauka.

Da muka isa gida Mama ta ɗora tukunyar shayi, sai ta tsaya ta ba ni baya.

"Na faɗa miki tun farko. Mai waƙa komai ya gani abin waƙa ne. Amma ke... ashe haka kika yi kuka, ni ina cikin asibiti ina cewa 'yata jaruma ce?"

Nan ne zuciyata ta ƙara tafasa. Abin da na ɓoye wa uwata don in sauƙaƙa mata, shi ya kunna mata a gaban baƙi.

Ya kira, ya kira, ban ɗaga ba. Ya aiko furanni, Mama ta zuba su a kwandon shara. Ni kuwa ko barci na kasa. Juma'a na matsowa. In ta zo, kowane shago, kowace mota, kowace yarinya mai waya a Ingila za ta mallaki safiyar da ubana ya mutu. Abin haushin kuma, duk da haka ina son sa. Na tsani kaina a kan wannan.

Ranar Laraba da hantsi ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mama ta buɗe.

"Ba ta nan."

"Misis Hargreave, ina hango ta a kan matakala."

Na sauko. Ya rame, idanunsa sun yi jajir, gashinsa jiƙe da ruwa.

"Na cire," ya ce tun kafin in yi magana. "Na cire muryarki. An riga an buga fayafayan, na ce a lalata su. Kamfanin ya ɗage fitar har sai bayan hunturu, ƙila ma su sallame ni. Na kori Philippa. Tam, masoyiyata, na rantse ƙarya ta yi min..."

Gabana ya faɗi. Na san abin da faifan nan yake a wurinsa, na fi kowa sani. Saura kaɗan in faɗa jikinsa.

Amma akwai abin da ke cin raina tun Lahadi.

"Na yarda ta yi maka ƙarya," na ce. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar nan, sau ɗaya na ce ka zo. Sau ɗaya tak, sai na kashe wayar. A waƙar kuwa ina ta maimaitawa. Wa ya yi wannan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Philippa ce?"

"A'a."

"Mai haɗa sauti ne?"

"Ni ne."

"Yaya ka yi?"

"Tam, bar shi..."

"Faɗa min yadda ka yi!"

"Na yanka wurin ne, na jera shi. Numfashinki bai hau kan kiɗan ba, sai na... na ɗan matsar da shi."

"Ka zauna kana ji, kana komawa baya, kana sake ji."

"Eh."

"Har ya yi daɗi."

Hawaye ne kawai ke zubo masa.

"Ni ina kiranka ka zo, kai kana jin inda ganga za ta shiga. Wannan ba Philippa ba ce, Declan. Hannunka ne."

"Na gyara, Tam! Na bar komai saboda ke! Me kuma zan yi?"

"Na gode da ka cire. Da gaske nake."

Na murza zoben, ya ƙi fita, na fizge shi har fatar ta yi ja. Na kamo hannunsa na sa masa a tafi, na naɗe yatsunsa a kai.

"Kar ki min haka... ina son ki!"

"Ni ma ina son ka, shi ne abin takaicin. Amma ba zan iya auren mutumin da zan riƙa tsoron yin kuka a gabansa ba."

Na rufe ƙofar a hankali. Na daɗe ina ganin inuwarsa ta gilashi kafin ya juya ya tafi.