Motar da Ba Ta Firgita Kurciya

"Cire zoben nan, Izzati!"

Mahaifina ne. Na ɓoye hannuna a baya, hawaye na zuba.

"Abah, don Allah... mahaifiyarsa ce fa ta sa mini shi da hannunta."

"Ita za a mayar wa. Tun azumi yaron nan bai sayar da mota ko ɗaya ba. Da me zai ciyar da ke? Da ƙamshin sabuwar kujera?"

Gaskiya ɗaci gare ta. Abang Hazwan, saurayin da zan aura, motoci masu haɗa fetur da batir yake sayarwa a wani shago a Kota Bharu, nan ƙasarmu Malesiya, a lokacin da litar fetur kuɗinta ɗaya da kofin shayi. Mutane su shigo, su shafa mota, su ga farashin da aka manna a gilashi, sai su ce bari su je su yi shawara da iyali. Shawarar da ba a dawowa ke nan.

Na san mai hura wutar. Rosdi ne, ɗan mai gidan man bakin titin Tumpat, wanda shi ma yake neman aurena. Kullum yana tafe da tsarabar abincin tsuntsu, da labarin Hazwan har da ƙarin gishiri.

Tun rasuwar Mak, mahaifiyata, abu biyu Abah yake so a duniya: ni da kurciyarsa Mayang. Wallahi wani lokacin ban san wace ce gaba ba. Kowace safiya zai ja kejinta sama a kan doguwar gora, ya zauna yana sauraren kukanta, yana shirin gasar kukan kurciyoyi ta garinmu.

Washegari sai ga Rosdi da jar mota sabuwa dal, an cire mata salansa. Ya tsaya daidai gindin gorar ya dinga taka totur.

"Pak Cik, ka ji mota! Wannan ita ce murya, ba waccan kurmar ta Hazwan ba!" in ji shi, yana kiran Abah kawu da yarenmu.

Mayang ta dinga bugun keji har gashinta na zubowa.

"Kashe! Kashe, don ubanka!" Abah ya daka masa tsawa.

Garin neman gira Rosdi ya rasa ido, don ranar Abah ya raba shi da ƙofar gidanmu. Amma daga lokacin Mayang ta yi gum, ko tari ba ta ƙara yi ba. Ni kuma murnata ta koma ciki.

"Haukan Rosdi bai sayar wa Hazwan mota ba," in ji Abah. "Ranar Asabar zoben zai koma."

Na kira Hazwan a waya ina shessheka.

"Abang... an gama da mu."

"Daina kuka, hasken idona. Ni zan zo in karɓa da kaina. Ba zan bar dattijo ya sha kunyar aike ba."

"Ko faɗa ba za ka yi a kaina ba?"

"Da mahaifinki? Ina sonki fiye da haka, Izzati."

Asabar ɗin ita ce ranar gasar. Da safe Abah ya lulluɓe keji ya tada babur, nan take Mayang ta hau bugun kanta. Ya kashe. Ya sake tadawa, ta sake. Sai ya zauna a matattakala da kejin a cinya, ya yi tagumi. Rabon da in gan shi haka tun ranar jana'izar Mak.

"Assalamu alaikum, Pak Cik."

Abah ya zabura.

"Kai! Da ƙafa ka zo?"

"Da mota, Pak Cik."

Ga ta nan fara sol a tsakar gida, motar gwaji ta shagonsu, kaji na ta tsince-tsincensu a gindin tayarta. Abah ya ɗaga ƙyallen keji. Mayang na zaune lafiya lau tana gyaran gashi.

Hazwan ya kalli babur, ya kalli keji.

"Bari in kai ku filin. Maganar zobe ta jira."

Abah ya shiga gaba rungume da keji, ni a baya. Hazwan ya bar babban titi ya bi ta cikin gonakin shinkafa, yana lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai, don batir kaɗai ya ja motar, kada injin ya tashi. Har mai keke ya wuce mu yana dariya.

"Ta mutu ne?" Abah ya tambaya.

"Tafiya take, Pak Cik."

Sai muka ji shi, can ƙasa-ƙasa daga cikin ƙyalle...

"Kuu... kurrr... kuk-kuk."

Ta sake, wannan karon da ƙarfi. Abah ya juya fuska waje, amma na ga kafaɗarsa na rawa.

Mayang ta uku ta zo. Wani tsoho abokin Abah ya zagaya motar, ya tambayi kuɗinta, ya ji, ya kwashe da dariya.

"A'a, ɗana! Tawa kurciyar ta saba da babur!"

Da muka dawo gida na zare zoben, na miƙa.

"Wa ya ce ki cire?"

"Abah... kai ne fa."

"To na fasa! Yaron da ya zo a sallame shi, ya tsaya lallaɓa tsuntsuwar mai sallamarsa? Wanda ya tausaya wa kurciya ba zai sa 'yata kuka ba. Abinci kuwa na Allah ne."

"Na gode, Pak Cik..." in ji Hazwan.

"Abah. Daga yau Abah."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Har yanzu fetur na nan da araharsa, kasuwar Abang kuma sai a hankali, muna haɗawa da nasi kerabu, dafaffiyar shinkafar da nake sayarwa da safe. In ya dawo yana ƙorafin farar motar nan ta ƙi sayuwa, sai in danne dariya in ce Alhamdulillahi a zuciyata.

Da wani ya saye ta, da me zai shigo gidanmu ranar nan?