Notuna a Kiret ɗin Ƙwai

Baba Direba ya sha faɗa, ranar ma ya maimaita a falo, cewa shekara talatin ya yi a kan sitiyari ba wanda ya taɓa yi masa wayo, kuma idonsa bai taɓa sauka kan bidiyon waya ba. Don haka ba zai ba da autarsa ga mutumin da ke wuni yana hira da wayar da ya ɗaure a sanda ba.

"Baba, gyaran keken ɗinki yake koyarwa," in ji Auta, idonta ya kawo ruwa. "Mutane na ƙaruwa da shi."

"Wa ya taɓa ajiye aikin banki ya koma shafa baƙin mai? Korarsa aka yi, yake rufa-rufa."

"Da kansa ya ajiye. Ko watan jiya wani kamfanin man keke ya kawo masa talla, ya ƙi, ya ce man yana daskarewa a cikin inji."

"Kin ji ko? Duk wanda ya ƙi kuɗi a fili, akwai inda yake karɓarsu a ɓoye."

Maman Auta tana kan kekenta tana ta ɗinki.

Auta ta yi kukanta kwana biyu, ta share hawaye, ta ci gaba da kai wa Baba shayinsa. Saurayin kuwa duk ƙarshen mako sai ya zo gaisuwa, Baba ya bi takalminsa da kallo, ya leƙa waje ko akwai motar da ya ɓoye a lungu.

Sai Baba ya shiga bincike. Bincike fa, ba kallo ba. Yakan shige tsohuwar motarsa da ke gareji, ya ɗaga gilashi, ya sa tabarau, ya kunna bidiyon saurayin a wayarsa. Abin farko da ya gano, hannuwa kawai ake gani a bidiyon. "Ɓoye fuska," in ji shi. Hannuwan sukan kwance keke a nutse, kowane noti a sa shi a raminsa cikin kiret ɗin ƙwai, bi da bi, don kada a rikice wajen mayarwa. Baba ya kalli ɗaya yana neman ƙarya, bai samu ba. Ya ce tana cikin na gaba. Da haka aka yi wata biyu, gareji ya fi falo ganinsa.

Ranar nan keken Mama ya fara tsinka zare, ga ɗinkin kayan 'yan makaranta jibge ana jira.

"Ko a kira yaron nan?" in ji ta.

"Wane yaro? Ni da na kwance injin tirela a bakin hanya?"

Ya kulle kansa a ɗaki da keken. Bayan awa ɗaya ya buɗe, keke na gudu sumul. Daɗin hakan ne ya sa ya kira Auta, ya ce ya yi nazari, don tausayi kawai, yaron ya turo manyansa. Auta ta durƙusa tana kukan murna. Baba ya gyara murya ya yi musu nasiha: wanda ya riƙe sana'ar da yake so da gaskiya ba ya taɓewa, 'yar da ta yi wa iyayenta haƙuri kuma takan ga sakamako. Gaskiya ya faɗa, ko da yake jiya ba haka yake cewa ba.

"Baban Auta," in ji Mama, "wa ya juye min ƙwai a roba ya ɗauki kiret?"

"Dabarar direbobin da ce."

"To." Ta ciro wayarta, ta buɗe saƙonnin da ke ƙarƙashin bidiyon yaron, ta karanta a hankali. "'Ɗana, in zaren ƙasa na tsinkewa, wane noti zan sassauta? Amsa da wuri, matata na jira.' Ga amsarsa: 'Ƙaramin da ke jikin gidan zaren, Baba. A gaida Mama.' Kwament ɗinka arba'in da ɗaya na ƙirga. Na farkon cewa ka yi, 'Ƙarya ne.'"

"Masu irin sunana suna da yawa."

Ta juyo masa da wayar. Ga hotonsa a gefen kowane kwament, ya sha hula yana murmushi.

Baba ya daɗe yana kallo. "Wa ya liƙa min hoto a nan?"

"Kai ka zaɓa ranar da na buɗe maka wayar, Baba," in ji Auta. "Ka ce a sa wanda hular ta fi fitowa."