Kusurwar da Lauje Bai Taɓa Ba

A can da, lokacin da kowane gari ke da marinarsa, an yi wani tsoho mai noman baba, ɗan itacen nan da ake samun shuni daga ganyensa. Ana yankan baba kafin ya yi fure, don a lokacin ganyen ya fi ba da launi. Amma shi kullum sai ya bar kusurwa ɗaya ta fid da jajayen furanninta, ta yi kwanso.

Wata shekara aka yi fari. Kowa ya yanke nasa kakaf, kututturan kuma suka bushe. Sarkin marina ya zo da kansa ya ce, "Malam, ramukanmu babu shuni. Yanke mana kusurwar nan."

Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ta lauje ba ce."

Sau uku ana aikowa, sau uku yana cewa ba ta lauje ba ce. Masu rini suka daina gaishe shi.

Da damina ta faɗi, babu mai ƙwayar iri a garin. Suka zo kansu a sunkuye. Tsoho ya cika wa kowa hularsa da irin kusurwar nan.

Yau ramukan marina sun cike da ƙasa, an manta sunan tsohon. Kusurwar nan kuwa har yanzu tana fure.