Jar Motar Baba

"Ramla, har yaushe zan riƙa gabatar da kaina a gidan nan?"

Mahmud ne ya yi tambayar, yana goge baƙin mai daga hannunsa. Ramla ta sunkuyar da kai.

Tun bara aka kawo kayan sa ranarsu, sai ciwon mantuwa ya kama mahaifinta, Alhaji Mati. Kullum Mahmud ya zo gidan da ke Ƙofar Kaura, sai ya durƙusa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, Baba ya amsa da fara'a, gobe kuma ya sake tambayar ko ɗan wane ne. Ita kanta Ramla wani lokaci Furera yake kiranta, sunan mahaifiyarta da ta rasu. Ita kaɗai ce 'yarsa. Ƙaninsa, Baba Sule, ya ce shi ne waliyyi, a tsayar da rana kawai. Ramla ta ce sai ta ji daga bakin mahaifinta. Amma ko ita ba ta san ko izini take jira ba, ko tsoron barinsa take yi.

Abu ɗaya Baba bai manta ba: jar motarsa mai kujeru biyu, wadda ya saya tun yana saurayi. Likita ya ce a riƙa fita da shi a cikinta. Shi ya sa Mahmud, da yake malamin makaranta ne ba bakanike ba, ya mai da Asabar ɗinsa ta gyaran mota.

Motar kuwa ta rikita kowa. Tana tashi lafiya, ta yi tafiya mai ɗan nisa, sai ta fara shiƙa ta mutu. In an bar ta ta huta, ta sake tashi kamar ba ita ba. An canza fulogi, an wanke kafireta, an sa sabon famfon mai. Wani bakanike ya ce wuta ce, wani ya ce man ne da ruwa. Wata maƙwabciya ma ta ba da shawarar a yi mata turare.

"A gida sun ce in kawo magana ɗaya kafin azumi," in ji Mahmud, muryarsa a sanyaye. "Ni ba na son kowa sai ke, Ramlata. Amma ki faɗa mini inda na tsaya."

"Yaya Mahmud... ni ma ban san inda na tsaya ba."

Bayan la'asar suka fita gwaji. Ramla ke tuƙi, Baba na gefenta da farar hularsa, Mahmud na bin su a tasa motar. Suna dab da Ƙofar 'Yandaka motar ta shiƙa, ta yi tsalle, ta mutu a bakin titi. Ramla ta kifa kai a sitiyari. Ta gaji da mota, ta gaji da tunani.

Ƙarar ƙofa ce ta sa ta ɗago. Baba ya fita. Ta bi shi a tsorace, don ya sha kama hanya bai san inda za shi ba. Sai ta ga ya zagaya baya, ya ɗora hannu a murfin tankin mai, ya murɗe shi a hankali. Tankin ya ja iska da ƙarfi, har ƙarfensa ya yi ƙara daga ciki.

"Kun ji ko?" Baba ya ce. "Ba ta numfashi. Mai na fita, iska ba ta shiga. Ina mai zai samu hanya?"

Ya nuna wa Mahmud ƙarƙashin motar, ya ce akwai wani siririn tiyo da ya taso daga saman tanki, a duba bakinsa. Mahmud ya kwanta a ƙasa da farar shaddarsa, ya lalubo tiyon. Bakinsa a toshe yake da busasshen laka: zanzaro ne ya yi gida a ciki, tun zaman da motar ta yi a rumfa. Ya samo waya ya zurara, ya hura da baki, ƙasa ta zubo masa a fuska.

Baba ya yi dariya, irin wadda Ramla ta daɗe ba ta ji ba. Ya tsaya yana kallon saurayin da ke karkaɗe jiki.

"Mahmud," ya ce. "Na gidan Malam Habibu."

Mahmud ya daskare. Baba ya juyo gare ta, idanunsa tar, kamar na da.

"Ramla, ɗiyata. Ba na ba shi ke ba? Me kike yi a gidana har yanzu?"

"Baba, wa zai kula da kai?"

"Shi wannan da ya kwanta a titi don motata, ni ne zai bari?"

Hawaye suka ɓalle mata. Tana da tambayoyi cike da baki, tana so ta riƙe shi a haka, ta ba shi labarin duk abin da ya wuce. Kafin ta haɗa kalma ɗaya, ta ga hasken idonsa yana janyewa. Ya dubi titi, ya dubi masu wucewa, ya kama hannun rigarta.

"Furera, yamma ta yi. Bar yaron nan ya ja, ke gudu gare ki."

Ta rasa wanda za ta saurara, uban da ya san ta ɗazu ko wannan da ke riƙe da ita. Mahmud ya matso, ya yi ƙasa da murya, ya ce ya riga ya yi magana da mahaifinsa: in ta yarda, sashen da ke ƙofar gidan Baba zai gyara su zauna kusa da shi, duk mai surutu ya yi. Ya miƙa mata makullin motarsa, ya buɗe wa Baba ƙofa, ya gyara masa zama.

Jar motar ta tashi. Ramla ta bi su a baya, tana jiran ta shiƙa. Suka wuce shataletale, suka miƙe hanya, ba ta ko girgiza ba. Daga inda take tana hango hannun Baba yana nuna wa Mahmud kwana.

Ta gangara gefe ta tsaya, ta share fuska, ta kira Baba Sule. Bayan sun gaisa, ya tambaye ta ko lafiya.

"Lafiya lau, Baba," ta ce. "Babana ya yi magana. A sa rana."